Sharhi: Iskar Tarka za ta iya ba da wuta, amma wa zai yanke farashinta?

A ƙarshen watan Maris na 2022, a birnin Landan, ministan man fetur da makamashi na Nijar na wancan lokaci, Mahamane Sani Mahamadou, da shugaban kamfanin Savannah Energy na Birtaniya, Andrew Knott, suka sa hannu kan yarjejeniyar gina tashar lantarki mai aiki da iska ta farko a ƙasar. An raɗa mata sunan kwarin Tarka, kuma filin da aka ware mata ya ratsa gundumomin Madawa, Buza da Keita a jihar Tawa. Alƙaluman da aka sanar a lokacin sun faranta ran kowa: ƙarfin da zai kai megawat 250, manyan fankoki har 60, da wutar da za ta kai yunit miliyan 600 a shekara. An ce za a fara shan wutar a 2025.

Wa'adin ya cika ba a kafa fanka ko guda ba. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya sun taka rawa a wannan jinkiri, kuma dama ayyuka irin wannan ba safai suke cika wa'adinsu na farko ba. Sai dai jinkirin ya bar wa Nijar wata dama da ba ta da ita a ranar bikin sa hannu, wato ta tsaya ta duba abin da ba a faɗa ba a Landan: nawa kamfanin NIGELEC zai riƙa sayen kowane yunit, har tsawon shekara nawa, kuma da wane ma'auni za a gane cewa farashin ya yi daidai.

Mutanen Adar sun san iskar nan tun kafin injiniyoyi su zo aunata. A kwarin Maggiya da ke gundumar Buza, tun 1975 manoma da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro tare da ƙungiyar CARE, don kawai su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona tana binne shuka. Abin da aka shafe shekaru ana yi wa shinge shi ne yau ya zama haja. Tun da haja ce, dole a yi maganar ciniki.

Yadda ake sayen wuta

Tsarin Nijar ya bambanta da na Najeriya. A can an raba aikin tun 2013: kamfanonin samar da wuta daban, kamfanin dakonta daban, kamfanonin rarraba ta irin su KEDCO na Kano su ma daban. A Nijar kuwa NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke dakon wutar, shi ke rarraba ta, shi ke karɓar kuɗi a hannun jama'a. Dokar lantarki ta watan Mayun 2016 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su gina tashoshinsu, amma idan sun samar da wutar, babban mai sayenta guda ne. Da haka ne kamfanin Istithmar ya gina tashar Goudel mai megawat 89 a Yamai, wadda aka buɗe a 2021, da wata ƙarama a Damagaram.

Mai gina tasha ba ya zuba kuɗinsa sai ya riƙe takarda a hannu, wato kwangilar sayen wuta. A cikinta ake rubuta farashin yunit, da kuɗin da za a biya da shi, da yadda farashin zai riƙa hawa, da wanda zai ɗauki asara idan wani abu ya lalace. Galibi tana ɗaukar shekara 20 zuwa 25. Da wannan takarda kamfani ke zuwa banki ya ci bashin gina tashar, shi ya sa bankuna ke dagewa a sa wani sharaɗi mai nauyi: muddin tasha ta shirya ba da wuta, mai saye zai biya, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Sau da yawa kuma ana neman gwamnati ta tsaya wa kamfaninta, ta yadda idan ya gaza biya, baitulmali ne zai biya.

A ɗauki alƙaluman da aka sanar kan Tarka a yi ɗan lissafi. Idan aka yi kuskuren CFA 10 kacal a farashin yunit, dala biyu ke nan a lissafin kasuwa, kuɗin da ko ƙullin gishiri ba zai saya ba, to a yunit miliyan 600 ya zama biliyan 6 na CFA kowace shekara. A shekara 20 ya zama biliyan 120. Kuɗin nan ba daga sama zai faɗo ba. Ko dai ya hau kan takardar kuɗin wutar mai walda a Madawa da mai injin niƙa a Keita da mai sayar da ƙanƙara a Maradi, ko kuma gwamnati ta cike giɓin da kuɗin da ya kamata ya tafi asibiti da makaranta.

Girman aikin ma abin dubawa ne. Idan aka haɗa tashar Gorou Banda mai aiki da mai (megawat 80), da ta Goudel (89), da tashar hasken rana ta Gorou Banda (30), da ta Malbaza (7), jimilla megawat 206 ne. Tarka ita kaɗai ta fi su a takarda, kuma ta kusa ninka abin da ake jira daga madatsar Kandaji, wato megawat 130. Kwangila ɗaya ce za ta ɗaure kaso mai tsoka na kuɗin shigar NIGELEC har yaran da ke firamare yau su yi aure.

Abin da doka ta tanada, da ƙofar da ta bari

A rubuce, Nijar ba ta rasa ƙa'idoji ba. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta shimfiɗa wa ƙasashenta cewa tallata kwangila a fili, kowa ya kawo tayinsa, shi ne asali, bayar da ita kai tsaye kuma togaciya ce da ke buƙatar hujja. Dokokin kwangilolin gwamnatin Nijar a kan wannan tubali aka gina su, akwai kuma hukumar ARCOP da ke sa ido. A ɓangaren makamashi, an kafa hukumar ARSE da dokar watan Disamban 2015 domin ta duba farashi ta kuma kare masu amfani da wuta. A 2018 aka yi dokar haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa, wadda ita ma ta san da gasa, amma ta bar hanya ga kamfanin da ya zo da shawarar aiki da kansa ba tare da an kira shi ba.

Ta irin wannan hanya manyan ayyukan wuta da dama ke shigowa a Afirka, kuma yarjejeniyar Tarka daga tattaunawa tsakanin ma'aikata da kamfani ta fito. Haka ma wadda Savannah ya sake sa wa hannu a watan Mayun 2023, ta tashoshin hasken rana biyu kusa da Maradi da Damagaram masu ƙarfin da zai kai megawat 200. Wannan ba zargi ba ne a kan kamfanin. Ɗan kasuwa ya ga dama ya nema, kuma shi ya kashe kuɗinsa wajen auna iska da binciken muhalli a lokacin da babu wanda ya yi. Matsalar tana wajen mai saye: idan tayi ɗaya ne a gabanka, da me za ka gwada shi?

Duk wanda ya taɓa kai albasa kasuwar Galmi ko ta Madawa ya san amsar. Ranar da motocin Gana da na Abijan suka cika tasha, manomi ke faɗin kuɗin buhu. Ranar da mai saye ɗaya ne ya zo, shi ke faɗa. A cinikin wuta NIGELEC ne ke zaune a gaban mai sayarwa guda, ga jama'a a bayansa suna kukan duhu, ga kuma mai sayarwar ya fi shi sanin ainihin abin da kayan suka ci.

Shekarar 2016 ta ba da misalin da ya kamata a riƙa karantawa a kowace ma'aikatar makamashi. A watan Yulin shekarar, kamfanin NBET mai sayen wuta a madadin gwamnatin Najeriya ya sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin hasken rana masu jimillar megawat 1,125, a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane yunit. Cikinsu har da tashar megawat 75 da aka tsara ginawa a Kankiya ta jihar Katsina. Ba a yi gasa ba, duk da cewa tun 2014 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idar da ke neman a riƙa sayen sabuwar wuta ta hanyar gasa. A cikin shekarar dai, Zambiya ta tallata nata aikin a ƙarƙashin shirin Scaling Solar na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, ta samu tayin santi 6.02. Da gwamnatin Najeriya ta ga haka sai ta ja da baya, ta nemi a rage zuwa santi 7.5, ta ƙi ba da garantin da bankuna ke jira. Aka yi ta ja-in-ja har aikin ya mutu. Ba a gina ko ɗaya daga cikin tashoshin 14 ba, Kankiya ba ta samu wuta mai tsada ba, ba ta kuma samu mai araha ba.

Abin lura a nan shi ne, kwangilar kai tsaye da ake cewa ta fi sauri ita ce ta ƙare ba ta haifar da komai ba, saboda farashin da ba a gwada ba kowa na iya tuhumarsa daga baya. Sabuwar gwamnati ko sabon minista na iya cewa an yi cuta, kuma babu takardar da za a ɗaga a ce ga sauran tayin da aka kayar.

Senegal ta fi kusa da Nijar, domin kuɗinsu ɗaya ne, kuma ita ma kamfanin gwamnati guda ne ke sayen wutarta. Ta tallata megawat 60 na hasken rana, a 2018 kamfanonin Engie da Meridiam suka ci da santi 3.80 na yuro a Kahone da 3.98 a Kael, wato kimanin CFA 25 zuwa 26 kowane yunit. Tashoshin sun fara aiki a 2021. A ɓangaren iska, Maroko ta tallata megawat 850 ta samu tayin da ya tsaya a wajen santi 3 na dalar Amurka a 2016. Afirka ta Kudu kuwa, da ta fara gasarta a 2011 farashin wutar iska ya haura rand ɗaya, amma kafin zagaye na huɗu ya sauko da kusan rabi. Ba wanda zai ce iskar Adar daidai take da ta gaɓar tekun Maroko, ko bankuna za su ba Nijar bashi da ruwan da suke ba Afirka ta Kudu. Amma waɗannan ƙasashe sun san farashinsu ne domin sun tambayi kasuwa.

Ko a cikin jihar Tawa akwai darasi. Tashar hasken rana ta Malbaza, ta farko a ƙasar, an buɗe ta a watan Nuwamban 2018 da bashin dalar Amurka miliyan 24.7 daga bankin Exim na Indiya. Irin wannan bashi yana zuwa da sharaɗin cewa kamfanonin Indiya ne za su yi takara, kuma akasarin kayan daga can za a sayo. Megawat 7 a wannan kuɗi ya kama kusan biliyan 2 na CFA kowane megawat. Tashar Gorou Banda mai megawat 30, da aka gama a 2023 da kuɗin hukumar AFD ta Faransa da Tarayyar Turai, ta ci kimanin biliyan 20, ƙasa da miliyan 700 kowane megawat ke nan. Gaskiya ne farashin faifan sola ya faɗi sosai a tsakanin shekarun, kuma ƙaramar tasha ta fi tsada a kan kowane megawat. Duk da haka ratar kusan ninki uku ta isa ta sa mutum ya tambayi abin da ƙuntata takara ke jawowa.

Layin da zai kwashi wutar

Farashin yunit rabin magana ne. Sauran rabin yana cikin sharaɗin nan na biya ko ba a sha ba, kuma a nan ne Tarka ta fi buƙatar a yi hattara.

Wutar Nijar ba a dunƙule take ba. Yankin kogi, wato Yamai, Doso da Tillaberi, yana rataye ne da layin da ya taso daga Birnin Kebbi. Yankin tsakiya da gabas, wato Tawa, Maradi da Damagaram, yana rataye da layin Katsina zuwa Gazawa, wanda aka miƙa har Malbaza. Agadas na da nata tsarin da ke dogara da gawayin SONICHAR. Madawa, Buza da Keita suna cikin yanki na biyu, alhali mafi yawan masu shan wuta suna cikin na farko. Layin da zai haɗa yankunan biyu, daga Zabori zuwa Malbaza, yana cikin shirin Haske da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamban 2021 da dalar Amurka miliyan 317.5, shirin da ya gamu da tsaiko lokacin da bankin ya dakatar da fitar da kuɗi bayan juyin mulki. Babban layin da zai haɗa Najeriya, Nijar, Benin da Burkina Faso, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yamai a watan Fabrairun 2022, ta Zabori shi ma zai bi. Ma'ana, idan fankokin Tarka suka fara juyawa kafin a gama waɗannan layuka, wutar za ta rasa hanyar fita.

Kenya ta ɗanɗana wannan. Tashar iska ta tafkin Turkana mai megawat 310, wadda ita ma kamfani ne ya kawo shawararta, ta kammala a 2017. Layin sama da kilomita 400 da gwamnati ta ɗauki alhakin ginawa bai kammala ba sai watan Satumban 2018, bayan kamfanin Spain da aka ba aikin ya karye. Fiye da shekara guda fankoki 365 na tsaye, kuma 'yan Kenya suka biya biliyoyin shilin na wutar da ba su gani ba. Gana ta faɗa rami makamancin wannan ta wata hanya: a shekarun ɗauke wutar da suka kira dumsor, gwamnati ta yi ta sa hannu kan kwangilolin gaggawa ba tare da gasa ba, har ƙarfin tashoshin ya zarce buƙata nesa ba kusa ba. A 2019 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya shaida wa majalisa cewa ƙasar na biyan sama da dalar Amurka miliyan 500 a shekara kan wutar da ba ta amfani da ita.

Akwai kuma halin iskar kanta. Yunit miliyan 600 daga megawat 250 na nufin a tsawon shekara tashar za ta ba da kimanin kashi 27 cikin 100 na cikakken ƙarfinta. Iskar hunturu ta fi ƙarfi a watannin sanyi, buƙatar wuta kuma ta fi tsanani a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke hana barci. Dole NIGELEC ya ajiye wasu injinan da za su tashi idan iska ta kwanta, kuma kuɗin ajiye su yana cikin ainihin tsadar wutar ko da ba a rubuta shi a kwangilar Tarka ba. Tsarin gasa mai kyau yakan fara ne da wannan lissafi: mai saye ya fayyace yawan wutar da layukansa za su iya ɗauka, a wane wuri, a wace shekara, sannan ya kira masu tayi. Idan kamfani ne ya zo da shawara, girman aikin yakan bi abin da ya fi masa riba.

Hujjar masu cewa a yi sauri

Masu goyon bayan tattaunawa kai tsaye suna da abin faɗa, kuma bai kamata a raina shi ba. A farkon watan Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar saboda takunkumin ECOWAS, alhali kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ya rarraba a 2022 daga can ya saye ta. An shafe kusan wata bakwai a haka. Bayan an dawo da ita ma, a watan Mayun 2024 hukumar NERC ta taƙaita abin da za a riƙa fitarwa zuwa maƙwabta da kada ya wuce kashi 6 cikin 100 na wutar da ke kan layin Najeriya. Ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki, wadda kuma ta ɗaukar wa kanta alƙawarin kai wa kashi 80 cikin 100 nan da 2035, tana da dalilin ƙin jiran shekara biyu ana shirya takardun gasa.

Na biyu, gasa sai da 'yan takara. Nijar ta gwada: a 2021 ta ƙulla yarjejeniya da IFC don tallata megawat 50 na hasken rana a Gorou Banda a ƙarƙashin shirin da ya yi wa Senegal aiki, amma tashar ba ta samu ba. Farashin Senegal da Zambiya ya sauko ne har da taimakon bashi mai sauƙi da garantin Bankin Duniya, ga fili da gwamnati ta riga ta tanada. Idan waɗannan suka janye, masu tayi ma sukan janye. Sannan gasa kan haifar da tayin da ya yi arahar da ba za a iya cikawa ba. Habasha ta samu santi 2.5 daga kamfanin ACWA Power a 2019, aikin ya rushe kan batun canjin kuɗi. A Afirka ta Kudu ma da yawa daga ayyukan da suka ci zagaye na biyar a 2021 sun kasa samun kuɗin gini.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tarihin jihar Tawa kansa bai goyi bayan cewa hanyar kai tsaye ta fi sauri ba. A 2014 shugaba Mahamadou Issoufou ya aza harsashin tashar gawayi ta Salkadamna da aka ce za ta kai megawat 600, tare da wani kamfanin Amurka. Fiye da shekara goma ke nan ba ta ba da yunit ɗaya ba. A tsallaken iyaka, tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina mai megawat 10 kacal ta haura shekara goma ana fama da ita, har da sace injiniyan Faransa da ke aikin a 2012. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa.

'Yan Nijar kuma ba baƙi ba ne ga abin da kwangila a ɓoye ke haifarwa. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito a 2020, ya gano asarar kimanin biliyan 76 na CFA ta hanyar aringizon farashi da kayan da ba a kawo ba. Hukumomin yanzu sun kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa, amma su ne kuma a watan Fabrairun 2024 suka fitar da dokar da ta cire sayayyar tsaro da ta fadar shugaban ƙasa daga ƙa'idojin kwangila. Dokar ba ta wutar lantarki ba ce, sai dai ta nuna inda iska ke kaɗawa. Bambancin shi ne, kuɗin da aka yi aringizo a sayen mota sau ɗaya ake asararsa, wanda aka yi a farashin yunit kuwa kowane wata ake biyansa, kuma idan gwamnati ta ce za ta warware, kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa ke jiranta.

A ganina soke Tarka ba shi ne mafita ba. Kamfanin da ya auna iska shekara da shekaru yana da haƙƙin a saka masa, kuma korar mai zuba jari a wannan lokaci zai tsorata na bayansa. Akwai hanyoyin shigo da gasa ko da an riga an fara da mutum ɗaya. Wasu ƙasashe kan buga tayin kamfanin a fili, a ba wasu wa'adi su kawo wanda ya fi shi, idan an samu sai a ba na farkon zaɓin ya daidaita farashinsa ko a biya shi kuɗin binciken da ya yi. Idan hakan ya yi wuya, ana iya tilasta masa ya tallata kwangilar sayen fankoki da ta gini, waɗanda su ne mafi yawan kuɗin aikin, ya kuma buɗe littafinsa ga ARSE, ta yadda ribar da za a amince masa za ta hau kan kuɗin da aka gani da ido. Ana kuma iya raba aikin kashi-kashi, a fara da abin da layin Malbaza zai iya ɗauka yau, sauran kuma a ɗaure shi da ranar da layin Zabori ya kammala, kada sharaɗin biya ya fara aiki kafin nan.

Batun kuɗin biya ma ba ƙarami ba ne. CFA a ɗaure take da yuro a kan 655.957, abin da ya sa kwangilar yuro ba ta da haɗarin da kwangilar dala ta jefa Najeriya a ciki lokacin da naira ta faɗi. Amma Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma maganar kuɗin bai ɗaya na ƙasashen AES ba ta mutu ba. Takardar da za ta rayu shekara 20 dole ta faɗi wanda zai ɗauki nauyi idan kuɗin da jama'a ke biyan wuta da shi ya canza.

Saura mutanen da fankokin za su tsaya a gonakinsu da makiyayarsu. Babbar tasha kan tura wutarta ne kai tsaye zuwa babban layi, don haka ƙauyen da ke ƙarƙashin fanka na iya kwana cikin duhu yana jin ƙugin ta. Manomin albasa a kwarin Tarka da ke sayen fetur don injin ban-ruwa ba zai ga canji ba sai an ja ƙananan layuka an kafa taransifoma, aikin da ke wuyan NIGELEC da hukumar ANPER. A gasar Afirka ta Kudu, a zagayen farko-farko, kashi 70 na maki ne ke kan farashi, kashi 30 kuma kan ayyukan yi da sayen kayan gida da amfanin al'umma, kuma an wajabta bai wa mazauna kewayen tashar hannun jari na aƙalla kashi 2.5. Da yake an rubuta shi cikin sharuɗɗan takara, ya zama haƙƙi da ake iya bi. A tattaunawar sirri irin wannan kan koma alherin kamfani, rijiya a nan, aji biyu a can. Hukumomin gari da sarakunan Madawa, Buza da Keita, da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, suna da hurumin neman a rubuta diyyar gona, da kare burtali, da jerin garuruwan da za a haɗa da wuta, tun kafin a sa hannu.

Kafin ranar sa hannun, abu uku ne ARSE za ta iya bugawa ba tare da ta tona sirrin kasuwancin kowa ba: farashin yunit da yadda zai riƙa hawa, yawan wutar da NIGELEC ya ɗaure kansa zai biya ko bai ɗauka ba, da girman garantin da baitulmali ya bayar. Burkina Faso da Mali, da ke fama da irin wannan ƙarancin wuta, su ma suna karɓar tayin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, ga kuma yarjejeniyar nukiliya da Nijar ta sa wa hannu da Rasha a watan Yulin 2025, wadda idan ta yi nisa kwangilarta za ta ninka ta Tarka sau da yawa. Ƙa'idar da aka bi a kan tuddan Adar ita za a ɗauko a matsayin misali idan lokacin waɗannan ya zo.